Yadda ake neman bizar karatu ta Birtaniya ba tare da kwana 28 sun kayar da kai ba

Na raka mutane da dama wannan hanya, daga ƙannena har abokan aiki, kuma cikin waɗanda aka hana biza ban ga wanda aka hana saboda Turanci ba. Kusan duk a kan kuɗi suka faɗi, alhali kuɗin na nan. Ni ma a nan na sha ƙasa a 2023. Ba zan tsaya kan yadda ake yin fasfo ko neman gurbin karatu ba, na ɗauka ka wuce wannan.

Mataki na farko, daidaita sunanka. Baje fasfo, takardar haihuwa, sakamakon WAEC, shaidar digiri da bayanin asusun banki a kan tabarma ɗaya, ka karanta su harafi bayan harafi. Mu Hausawa wannan ciwonmu ne: nan Muhammad, can Mohammed, a wata takardar sunan kaka ya shigo, a wata kuma sunan gari. Fasfo shi ne alƙali, komai ya bi shi. Gyaran suna a banki na iya cin makonni, don haka da shi ake farawa.

Na biyu, lambar CAS, wato lambar da jami'a ke bayarwa don tabbatar wa jami'an biza cewa ta ba ka gurbi. Takardar da jami'a ta aiko tana cewa ta ɗauke ka ba ita ce ke ba da biza ba. Sai ka cika sharuɗɗanta, yawanci har da biyan kafin alƙalami, sannan ta ba ka wannan lamba. A jikinta an rubuta kuɗin makaranta na shekarar farko da abin da ka riga ka biya. Duba wannan adadi da kyau. In ka ƙara biyan wani abu bayan ta fito, ka matsa musu su sabunta, domin jami'in biza abin da ke jikin CAS kawai ya sani. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma wata shida take yi. Masu digiri na biyu ko na uku a wasu fannonin kimiyya da injiniya na buƙatar wata shaida mai suna ATAS, wadda kan ɗauki makonni. Jami'a za ta gaya maka in kana ciki.

Na uku, kuɗi. Gyara zama.

Lissafin shi ne: ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, a haɗa da kuɗin zama na wata tara. Tun Nuwamban 2025 kuɗin zaman fam 1,171 ne a wata ga wanda zai zauna wajen Landan, wato fam 10,539. Mai zama Landan fam 1,529 ne a wata, wato fam 13,761. Suna yawan ƙara shi, saboda haka ka leƙa shafin gwamnatinsu ranar da za ka fara ƙirga. Dole wannan jimla ta kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da ta ragu ko da na yini ɗaya ba. Kuma ranar ƙarshe da ke jikin bayanin asusun kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka biya kuɗin biza a intanet.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, kai naira ka ajiye, su kuma da fam suke lissafi, a kan farashin OANDA, wani shafin canjin kuɗi na intanet, na ranar da ka miƙa buƙatarka. Ba farashin ranar da ka zuba kuɗin ba, ba kuma na ƴan canjin Wapa ba.

Ga yadda ta kasance da ni. Na zuba kuɗina a farkon Yunin 2023, lokacin fam bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Na lissafa daidai wa daida, har da ɗan rara. A tsakiyar watan Babban Bankin Najeriya ya saki naira, kafin ƙarshen wata fam ya haura 900. Na ga haka, na sayar da fili, aka yi mini karo-karo a gida, na cike giɓin a kwana na ashirin da wani abu. Ranar da kwana 28 suka cika na je banki na karɓi bayanin asusu da hatimi, na duba layin ƙarshe, na ga kuɗi sun kai, na yi hamdala. Bayan mako uku wasiƙa ta zo: an hana. Jami'in bai kalli layin ƙarshe ba. Ya nemi ranar da kuɗin suka fi ƙaranci cikin kwanakin nan 28, ya juya su zuwa fam, ya ga ba su kai ba. Ashe ranar da na yi ciko, ranar ce ƙirga ta koma ɗaya. Kuɗin biza ya tafi, CAS ta mutu, sai da na ɗage karatun zuwa Janairu.

Shi ya sa dokata ke nan, ko da wani zai ce na cika tsoro: ka ɗora aƙalla kashi 20 cikin 100 a kan abin da lissafi ya ba ka. In kana da hali, ajiye kuɗin da fam ko dala a asusun kuɗin waje, hankalinka ya kwanta. Ware asusun daban, ka bar katin cirar kuɗinsa a gida. Na san wanda ya ciri dubu ɗari biyar da yamma don hidimar biki, ya mayar washegari da safe, wai ai ba a yi asarar komai ba. An yi.

Sai maganar asusun wa. Naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko wanda kotu ta ba riƙonka. Baffa, kawu da yaya ba sa ciki, ko da su suka yi maka komai tun kana goye. In Baffa ne zai ɗauki nauyi, ya turo kuɗin asusunka tun da wuri, su yi kwanakinsu a can. In na iyaye ne, haɗa da takardar haihuwa mai nuna sunansu da wasiƙar amincewarsu. Wanda hukumar gwamnatin tarayya irin PTDF ko TETFund ke ɗaukar nauyinsa wasiƙarsu ce ke tsaya masa, amma karanta ta: in kuɗin makaranta kawai ta ambata, na zama yana wuyanka.

Ejan da zai ce zai haɗa maka bayanin asusu, ka guje shi. Jami'an biza na iya tuntuɓar banki, kuma takardar bogi na jawo haramcin shekara 10. Ni ban ma ga amfanin ejan a wannan biza ba. Mai shirin yin digiri na biyu da Turanci ai fom ba zai gagare shi ba.

Na huɗu, gwajin tarin fuka. Asibitin da suka amince da shi kawai ake zuwa, kamar na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas. Shaidar wata shida take yi. Yi shi yayin da kuɗinka ke kwana, domin in hoton ƙirji ya nuna wani tabo za a ce ka kawo majina, sakamakonta kuma kan kai mako takwas.

Na biyar, cike fom da biya. Ana iya nema tun saura wata shida a fara karatu. A 2025 kuɗin biza fam 524 ne. Ga kuma kuɗin lafiya, fam 776 a shekara, kuma mai digiri na biyu na shekara ɗaya yakan biya na shekara ɗaya da rabi, fam 1,164, saboda ƴan watannin da ake ƙara masa. Kada ka biya waɗannan daga asusun da ka ware sai bayanin asusu ya zo hannunka. Inda fom ya tambaya ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa, faɗi gaskiya.

Sauran da sauƙi. Ka zaɓi rana, ka je cibiyar biza a Abuja ko Legas a ɗauki hotonka da na yatsu. Wataƙila su kira ka hira, su tambayi dalilin zaɓen wannan jami'a da darussan da za ka yi, don haka ka san su da ka. Amsa kan zo cikin mako uku, kuma biyan kuɗin gaggawa asara ne sai in lokaci ya ƙure. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, don haka a yi wannan magana a gida tun kafin a biya kafin alƙalami. Bizar yanzu a intanet take, sai ka buɗe asusu a shafin UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, ka haɗa shi da fasfonka. Kada ka sayi tikitin jirgi sai ka ga ranar shiga ƙasar da aka rubuta maka.