Yadda mace daga karkara za ta je a yi mata hoton mama ba tare da asarar kuɗin mota ba

Sankarar mama, wadda wasu ke kira daji, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya, kuma yawancin masu ita ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. A farkonta ba ta cika yin ciwo ba. Mace tana surfenta, tana zuwa biki da suna, abu yana girma a ɓoye. Hoton mama, wanda ma'aikatan asibiti ke kira mamogiram, yana iya gano ta tun kafin ta kai girman da hannu zai ji. Sai dai na'urar ba ta kusa da mu. Matar da ke Gwaram ko Rano ko Ɗambatta sai ta yi tafiya, don haka gara ta shirya yadda zuwa ɗaya zai biya buƙata.

Ki fara da sanin wane layi kike. Idan kin kai shekara 40 kuma ba kya jin komai, ke ce ainihin wadda aka yi hoton dominta. A Amurka, shawarar da aka fitar a 2024 ita ce mace ta fara daga shekara 40, ta riƙa maimaitawa duk shekara 2. Idan mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta jini ta taɓa yin wannan ciwo, ki faɗa wa likita, domin zai iya cewa ki fara da wuri. Amma idan kin riga kin ji ƙululu a mama ko a hammata, ko kan nonon ya lotsa ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini na fita, ko fatar ta yi kauri da ƴan ramuka kamar ɓawon lemo, to ba maganar shekaru. Ki tafi a wannan makon, ko da shekararki 25.

Kada ki wuce kai tsaye birni. Ki je asibitin da ya fi kusa da ke, ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a duba ki da hannu, a rubuta miki takardar neman hoto. Sashen hoto na aiki ne da takardar likita, kuma likitan ne zai zaɓi irin wanda ya dace da ke. Mace mai ƙananan shekaru, da mai ciki, da mai shayarwa, galibi sikanin ake fara yi musu, irin na'urar nan da ake duba ciki da ita a wajen awo, saboda naman mamansu yana da cunkoso, mamogiram ba ya nuna shi sosai. Sikanin kuwa ya fi samuwa kusa da gida.

A nan zan yi wa masu gida magana. Malam, idan iyalinka ta ce tana son zuwa a duba ta alhali kana ganinta garau, kada ka ce neman ciwo take. Kuɗin mota da na hoto ba su kai ko kusa da abin da jinyar ciwon da ya yi nisa ke ci ba, wadda kan kai ga sayar da gona ko dabbobi.

Kafin ki hau mota, a bincika. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashen hoto da ake tura mata daga Kano da Jigawa, kuma akwai cibiyoyin hoto masu zaman kansu a cikin birni. 'Yar Jigawa ta tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, su faɗa mata inda za ta dosa. Ki sa wani ɗan'uwa da ke gari ya je da ƙafarsa ya tambayo abu uku: na'urar tana aiki a halin yanzu, wace rana ake yi, nawa ne. A watan Oktoba, watan faɗakarwa kan wannan ciwo, akan samu masu yin gwaji kyauta ko da rangwame, sai a kasa kunne a rediyo. Mai ƙululu dai kada ta jira Oktoba.

Idan kina al'ada, ki zaɓi makon da ke bayan kin yi wanka, lokacin mama ya saki, ba ya tsami.

Ranar tafiya ki yi wanka da sabulu kawai. Kada ki shafa mai, hoda, humra ko turare a ƙirji da hammata, kada kuma ki goga alimun. Ɓurɓushinsu kan fito a hoto tamkar ɗigon farin abu, ya rikita mai karantawa, har a ce ki sake. Ki sa riga da zane maimakon doguwar riga, don sama kawai za ki cire. Ki bar sarƙa a gida. Ba a buƙatar azumi, ki karya kumallonki. Ki riƙo takardar likita, katin asibiti, da duk wani tsohon hoto.

A cikin ɗakin, a tsaye za ki kasance. Ma'aikaciya za ta ɗora mama ɗaya a kan faranti, wani farantin roba mai haske ya sauko a hankali ya danne shi har ya baje. Za ta ce ki riƙe numfashi, na'ura ta yi ƙara kaɗan, farantin ya saki. Sai ta karkata na'urar, ta sa ki ɗaga hannu ki kama mariƙi, ta ɗauka ta gefe don hammata ta shiga. Haka za a yi wa ɗayan, hoto 4 ke nan. Dannewar akwai takura, wasu har da zafi, amma daƙiƙoƙi ne, kuma ita ke sa hoton ya fito tar ba tare da hasken na'urar mai yawa ya ratsa jiki ba. Idan zafin ya yi yawa ki yi magana. Duka aikin bai cika wuce minti 20 ba. Mai jin nauyi tana da damar neman mace ta yi mata, mai zargin tana da ciki kuma ta faɗa tun kafin a fara.

Inda mata da yawa ke sakaci shi ne bayan an gama. Hoton ba ya magana da kansa, sai likitan hoto ya karanta ya rubuta rahoto, wani lokaci bayan kwanaki. Ki tambayi ranar karɓa, da ko wani zai iya karɓar miki. A ƙasan rahoton akan ga an rubuta BI-RADS, wato ma'aunin sakamakon hoton, da lamba a gefensa. Lamba 1 ko 2 na nufin ba a ga abin tsoro ba. Lamba 0 na nufin ana son ƙarin hoto ko sikanin. Lamba 3, abu ne da ake kyautata zaton ba sankara ba ne, amma a dawo bayan wata 6. Lamba 4 da 5 kuwa sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Ko wace lamba ce, ki mayar wa likitan da ya turo ki. Idan hoto ya ce lafiya amma hannunki na jin ƙululu, ki faɗa masa, domin hoto ma yakan yi kuskure.

Maganar ɗiban naman nan ce ke korar mutane, saboda zancen da ake yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Da wannan zancen mata ke komawa gida a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wasu har wanzami ya yi musu sakiya, wata da watanni na wucewa. Allurar gwajin ba ita ke yaɗa ciwon ba. Ana kashe wurin da magani, a sa allura a ɗauko ɗan guntun nama, a manna filasta, ki koma gida a ranar. Yawancin ƙululun mama ma ba sankara ba ne, kuma wannan gwajin ne kaɗai zai raba gardama.

Hoton da aka ba ki, fim ne ko faifai, ki bar shi cikin ambulan ɗinsa, kada ki naɗe shi, ki ajiye nesa da rana da danshi. Zuwa na gaba da shi za a kwatanta sabon.