Yadda na raba man barkonon gyoza da ɗaci

Romon da Japanawa ke tsoma gyoza (ƙananan naɗin fulawa masu nama da ganye) a ciki abu uku ne: shoyu (ruwan ɗanɗano na waken soya) da khal ɗin shinkafa, daidai wa daida, sai 'yan ɗigon rayu, man barkononsu. Rayun ne ya yi ta fito mini da ɗaci, ga duhu.

Ashe zafin mai ke ƙona garin barkonon. Yanzu nakan yayyafa wa garin ruwa kaɗan ya yi damshi, in ɗumama mai da citta da lawashi a ƙaramar wuta, in tsame su, man ya ɗan huce kafin in zuba a kan garin. Sai ka ga ƙananan kumfa, babu hayaƙi, ya fito jawur. Man riɗi a ƙarshe nake sawa, don wuta na kashe ƙamshinsa. In ya kwana, yajin ya fi ratsa shi.