Yadda ake gudanar da furojat na shekarar ƙarshe a digirin kimiyya

Digirin B.Sc. na kimiyya shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara 3 ga wanda aka ɗauka kai-tsaye zuwa aji biyu. A aji huɗu ake ba ɗalibi furojat, wato binciken kansa, kuma a sassa da dama yana ɗauke da yunit 6. Lissafin a fili yake: wanda ya ci A ya tara maki 30, mai C ya tashi da 18. Ga ɗalibin da CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na duk shekarun karatu, ke reto a kusa da 3.50 ko 4.50, wannan tazarar kan iya sauya masa ajin digiri. Za mu bi matakan da misali guda: ɗalibi a Jami'ar Jos da ke son binciken ruwan tsofaffin kududdufan haƙar kuza.

Mataki na 1: fara shiri tun lokacin SIWES

Watannin SIWES, wato sanin makamar aiki na aji uku, su ne damar farko ta taɓa na'ura da hannunka. Nemi wurin da ake gwaji na gaske: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Laminga, ko kuma a Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu da cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO da ke Sheda. Ka koyi auna sinadari, haɗa ruwan gwaji da rubuta sakamako. Ka kuma saba da ma'aikatan ɗakin gwaji, domin su ne za su faɗa maka wace na'ura ce ke aiki, wace ce ta shekara a lulluɓe.

Mataki na 2: matse tambayarka

Nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. "Gurɓacewar ruwa a Jihar Filato" ba a gama shi a zango biyu, ko da digirin digirgir ake yi. Tambaya mai kyau tana faɗin abin da za a auna, a ina, da kuma yaushe. Misali: nawa ne adadin dalma da kadmiyom a ruwan kududdufai 4 na yankin Bukuru da masu lambu ke ban-ruwa da su, a rani da damina?

Kafin ka kai wa malamin da ke duba aikinka, gwada taken da tambayoyi uku. Akwai na'urar da za ta yi awon a inda za ka iya zuwa? Kuɗinka zai kai? Lokacin ɗibar samfur ya dace da kalandar makaranta? Damina a Jos tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan za a kare furojat a watan Mayu, kwatanta rani da damina zai yi wuya, sai dai in ka ɗebi na damina tun shekarar da ta gabata. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata 8, don haka tsarin da bai bar sarari ga tsaiko ba yana tangal-tangal tun daga tushe.

Mataki na 3: karanta, sannan ka ƙirga samfur da kuɗi

Nemo maƙalu 20 zuwa 30 a Google Scholar, ka fi mai da hankali kan sashen hanyar bincike, domin a nan za ka ga yadda wasu suka yi abin da kake shirin yi. Zuba kowace maƙala a manhajar adana maƙalu ta Zotero ko Mendeley tun ranar da ka karanta ta.

Sai lissafi. Kududdufi 4, wuri 3 a kowanne, yanayi 2, maimaici 3, samfur 72 ke nan. Masu na'urar AAS, wadda ke auna yawan ƙarfe a cikin samfur, galibi kan caji kowane ƙarfe daban a kan kowane samfur, saboda haka ƙarfe 2, dalma da kadmiyom, awo 144 ne. Idan aljihu bai kai ba, rage yawan ƙarafa ko kududdufai. Kada ka taɓa maimaicin nan uku, domin ba tare da shi ba babu yadda za a bambance canji na gaske da kuskuren hannu. In binciken ya shafi jini, fitsari ko tambayoyi ga marasa lafiya, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma takardar kan ɗauki makonni.

Mataki na 4: ɗibar samfur

Don awon ƙarafa, yi amfani da gorar roba, domin gilashi na iya riƙe ƙarfe a jikinsa. Jiƙa gorunan a ruwan asid na naitirik kashi 10 cikin 100 su kwana, ka ɗauraye da tataccen ruwa. A bakin kududdufi, sake ɗauraye gorar sau uku da ruwan da za ka ɗiba, sannan ka nutsar da ita ƙasa da saman ruwa ba tare da tayar da taɓo ba. Ɗiga asid na naitirik har pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. In ba a yi haka ba, ƙarfen zai kwanta ko ya manne a gora, na'ura ta ba ka adadi ƙasa da gaskiya.

Samfurin ƙwayoyin cuta dokarsa daban ce: kwalba da aka kashe wa ƙwayoyi, babu asid, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6. Rubuta lamba, kwanan wata da wuri a jikin kowace gora da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, ka ɗauki lambobin GPS da wayarka. Ka gaisa da masu lambu da mai unguwa kafin ka fara, kuma kada ka je kai kaɗai. Waɗannan ramuka suna da zurfi, gefensu kan zabtare.

Mataki na 5: ɗakin gwaji

Sayi littafi mai ɗinkakken bango, ka sa wa shafukansa lamba. Duk abin da ka auna, rubuta shi nan take da biro, har da kuskure. Idan ka yi kure, ja layi ɗaya ka rubuta daidai a gefe.

Narkar da samfur da asid a kan faranti mai zafi ana yin sa ne a akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu. Kullum ka haɗa da samfurin wofi, wato tataccen ruwa da ya bi duk matakan da sauran suka bi. In aka ga dalma a cikinsa, to daga kwalabenka ko asid ɗinka take. Ka nemi mai na'ura ya ba ka jadawalin daidaita na'urar da mafi ƙanƙantar adadin da take iya ganowa. Iyakar dalma a ruwan sha a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) miligiram 0.01 ne a lita, kadmiyom kuwa 0.003, kuma na'urar da ba ta iya ganin ƙasa da wannan ba za ta amsa tambayarka ba.

Masu aikin ƙwayoyin cuta kuma: a kashe ƙwayoyin jikin kayan aiki a otokilef, wato tukunyar tururi, a zafin digiri 121 na Celsius na minti 15, ana fara ƙirga lokaci bayan zafin ya kai. A bar aga, wato abincin da ake renon ƙwayoyin a kansa, ya huce zuwa kusan digiri 45 kafin a zuba a faranti, in ba haka ba tururi zai taru a murfi ya ɗiga. A sirka mililita 1 na samfur cikin 9 na ruwan sirki daki-daki, a kife faranti a inkubeta a zafin digiri 37 na awa 24, a ƙirga farantin da ke da tsiro 30 zuwa 300 kawai. Idan wuta ta ɗauke cikin dare, rubuta awa nawa ta yi, ka sake gwajin.

Mataki na 6: lissafi da rubutu

Shigar da bayanai a Excel, layi ɗaya ga kowane samfur, ka ajiye kwafi a imel. Rukuni biyu, kamar rani da damina, gwajin lissafi na t-test ake yi musu don ganin ko sun bambanta. Kududdufai huɗu kuwa gwajin ANOVA ake yi musu, a manhajar lissafi ta SPSS ko R. Idan babu bambanci mai ma'ana, shi ma sakamako ne, a rubuta shi yadda ya fito. Gyara lamba don ta yi kyau, ko sayen furojat a shagon buga takardu, kan tonu da tambaya ɗaya a gaban malamai.

Babi biyar ne a mafi yawan sassa, amma fara rubuta na uku, hanyar bincike, tun kana ɗakin gwaji. Sai na huɗu, sakamako. Gabatarwa da taƙaitawa su zo daga baya. Ka riƙa kai wa malaminka babi-babi, domin yana da ɗalibai da yawa, kuma kammalallen aiki da aka kawo saura mako guda ba ya samun gyara na kirki.

Mataki na 7: ranar kare aiki

Minti 10 zuwa 15 aka saba bayarwa, don haka silaid 12 sun wadatar. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a yakan tambayi me ya sa: me ya sa waɗannan kududdufai, me ya sa asid, me ya sa ANOVA. Gwada jawabinka a gaban abokai da agogo a hannu. Zo da littafin ɗakin gwajinka, kwafin aikin a kan takarda, da silaid ɗinka a filashi biyu.