Babi na 7: Idan Murya Tana Makara a Kunne

Darasi na 1

'Yan'uwa, kun sa abin ji a kunne, kun ce "Bismillahi" a makirufo, sai kuka ji bismillar ta iso bayan kun rufe baki. Wannan makarar za mu gyara yau. A ajinmu na Garwa akwai wani mawaƙin biki da ya yi ta saɓa wa kalangu har ya fara zargin maƙogwaronsa. Alhali muryarsa lafiya ƙalau take.

Murya tana bi ta akwatin ɗaukar sauti, ta shiga kwamfuta, ta dawo kunne. Mai yi mata jagora a wannan hanya wata ƙaramar manhaja ce da ake kira direba. Idan kwamfutarku da Faransanci take, za ku ga an rubuta pilote. Abu ɗaya ne. Direban da ya zo da Windows yana jan ƙafa. Na kamfanin da ya ƙera akwatin, mai ɗauke da sunan ASIO, shi ne mai sauri.

Darasi na 2

Ku sauke direban daga shafin kamfanin akwatinku, ku saka shi a kwamfuta. Madalla. To, nan ne kusan kowa ke tuntuɓe: sakawa daban, zaɓa daban. Ku buɗe manhajar ɗaukar murya, ko FL Studio ce ko Cubase, ku shiga wurin gyaran sauti, ku nemo layin da ke da sunan akwatinku tare da haruffa huɗun nan: A, S, I, O. Ku ɗora yatsa a kai, ku karanta harafi-harafi. Ba gaggawa. Ku danna.

Kun danna? Ku sake dubawa. Sunan akwatinku ne a wurin? Idan ba shi ba ne, ku koma ku zaɓa. Sannu ba ta hana zuwa. Gobe ma idan kun kunna kwamfuta, ku duba kafin ku kira mawaƙi.

Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Makon jiya mutum uku sun ce mini sun saka amma bai yi ba, kuma duk cikinsu babu wanda ya zaɓa. Ku rubuta a takarda, ku manna a jikin kwamfutar: ZAƁI ASIO.

Darasi na 3

Kusa da inda kuka zaɓi ASIO akwai lambobi: 128, 256, 512, 1024. Suna nuna yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta tura. Ƙaramar lamba, ƙaramar makara. Idan kuna ɗauka a kan 48,000, wato gutsattsarin sauti 48,000 a kowace daƙiƙa, lamba 128 ba ta kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, 1024 kuwa ta haura kashi 21, ga kuma makarar dawowar sautin kunne. Ku fara da 128. Idan sauti yana ƙas-ƙas, kwamfutar ce ta gaji, ku hau 256.

Darasi na 4

Lokacin haɗa kiɗa, bayan an gama ɗaukar murya, makara ba ta da illa: ku mayar 1024 don kada kwamfuta ta gaji.

Darasi na 5

Idan akwatinku yana da maɓallin Direct Monitor, mai kai murya kunne kai tsaye daga akwatin ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, ku danna shi.