Kafin ku kai yara wasan bindigar leza

Salamu alaikum 'yan uwa na Gombe. Masu niyyar kai yara wasan bindigar leza (bindigar wasa mai harba haske) a wannan hutun, don Allah kar a sa musu fararen kaya. Ɗakin duhu ne, fitilun ciki kuma suna sa fari ƙyalli, tun daga nesa za a hango yaro a harbe shi. Baƙaƙen kaya sun fi, da takalmi sau-ciki, ban da silifa.

Ku kwantar da hankalinku, babu harsashi. Haske ne kawai, rigar da ake sa wa yaro a ƙirji ke ƙirga harbin. Amma mai asma ko farfaɗiya, a tambayi ma'aikata tukuna, don akan saki hayaƙi da fitilu masu walƙiya. Ni 'yar yayata da tari na fito da ita, har yau abin na damuna.