Kurakuran da ke kashe solar ƙungiyoyin taimako, da yadda ake kauce musu

Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, tayar da janareto ya zama sai wane da wane. Gidajen marayu, makarantun islamiyya, ƙananan asibitocin unguwa da ofisoshin ƙungiyoyin sa kai duk sun koma neman mai taimaka musu da sola. A Nijar ma, katse wutar da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agustan shekarar ya sa an ƙara rungumar ta. Rana kam Allah ya hore mana ita. Sai dai masu yawon gyara sun saba da tarar da abu guda: farantin sola na nan lafiya lau a kan rufi, an ma rubuta sunan wanda ya ba da gudummawa a jikin bango, amma ɗakin batir ya koma ma'ajiyar tsintsiya da tsofaffin kujeru. Da wuya ka ga faranti ne ya mutu. Yawanci batir ne, ko inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ko kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin kula da kayan.

Sayen kaya kafin a yi lissafi

Kuskuren farko a wurin taron kwamiti ake yin sa. Wani ya ce maƙwabta sun sa mai 5kVA, mu ma a sa mana irinta. Alhali wannan lambar ƙarfin inbata kawai take nunawa, wato nauyin da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Ba ta faɗin tsawon awannin da wuta za ta yi. Wannan aikin batir ne da faranti.

Abin da ya kamata shi ne a ɗauki takarda a bi ɗaki ɗaki, a rubuta kowane kayan wuta, wat nawa yake ci, awa nawa yake aiki a rana, sannan a ninka yawan kayan da wat da awa. Ga misalin ƙaramin gidan marayu. Ƙwan fitila 20 masu wat 10, awa 6, ya ba da 1,200. Fanka 8 masu wat 70, awa 8, ya ba da 4,480. Firji mai wat 150 da injinsa ke aiki kamar awa 10 a wuni da kwana, 1,500. Kwamfuta 2 masu wat 60, awa 6, 720. Cajin waya da firinta a bar su a 300. Jimla 8,200 ke nan a kullum.

Ba a tsayawa nan, domin wuta na zubewa a hanya, a waya da inbata da batir da zafi. A raba 8,200 da 0.75, za a samu kusan 10,900. Sannan a raba da awannin rana mai ƙarfi. Nan ma ana yin kuskure, a lissafa da ranar watan Maris. Da watan Agusta ake lissafi, lokacin da hadari ke rufe sama, don haka a ɗauki awa 4.5. Amsar ta kama wat 2,400 da ɗoriya, wato faranti 5 masu wat 550.

Duk wanda ya dubi lissafin nan zai ga fanka ce ta cinye fiye da rabi. Da za a canza su da masu ƙarancin cin wuta, irin masu wat 30, da 4,480 ta sauko 1,920. Canza fanka takwas ya fi sayen ƙarin batir huɗu araha nesa ba kusa ba. Rage ci ake fara yi, sannan a sayi kayan samar da wuta.

Batir, inda kuɗin ke nutsewa

Batir mai ruwa da aka rubuta wa 12V 200Ah, a takarda yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda. Amma rabin kawai ake taɓawa, 1,200, in ana so ya yi ƙarko. Wanda ake tatsewa ƙarƙaf kowane dare ba ya cika shekara da ƙarfinsa. A misalin gidan marayun nan, in wutar da ake sha da dare ta kai 5,000, batir huɗu ba za su isa ba. Kuma tun da inbata mai tsarin 48V batir masu 12V huɗu huɗu ake jera mata, sai an kai takwas. In an canza fankokin, cin dare ya sauko wajen 3,000, huɗu sun wadatar, ko kuma batir ɗaya na litiyom mai 51.2V 100Ah, wanda shi ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa.

Akwai wani saiti a cikin inbata da masu haɗawa da yawa ba sa taɓawa, wato matakin da za ta kashe kanta in batir ya yi ƙasa. Da yawa suna fitowa daga kamfani a kan 42V, wanda ga batir mai ruwa daidai yake da a ce ya ƙare tas. A ɗaga shi zuwa 46V ko 47V. Wuta za ta riƙa ɗaukewa da ɗan wuri, mutane za su yi ƙorafi, amma batir zai ƙara shekaru. Haka kuma a tabbata an zaɓi nau'in batir daidai a saitin caji, domin cajin mai ruwa daban, na litiyom daban.

Sai zafi. Ƙa'idar da masu ƙera batir mai dalma, irin su mai ruwa, ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa. To a ƙiyasta ɗan ɗakin kwano marar taga a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a ginin, mai silin, mai taga biyu da iska ke ratsawa, a ɗora batiran a kan katako ko teburin ƙarfe, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakaninsu. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, saboda haka ba a kwana a ɗakin, ba a kunna ashana ko risho a ciki.

Ruwansa kuma a duba duk wata, a lokacin bazara ma duk sati biyu. Ruwan batir kaɗai ake zubawa, wanda aka tace. Ba ruwan leda ba, ba na rijiya ba, kuma ba a ƙara asid ko da wani ya rantse cewa yana farfaɗo da batir. In ɗaya ya mutu a cikin jeri bayan an yi shekara ana aiki, sa sabo a tsakiyar tsofaffi asarar kuɗi ce, tsofaffin za su ja shi ƙasa cikin 'yan watanni.

Inbata da kwantirola

Duk abin da ke da inji a cikinsa, firji, firiza, sumo mai jan ruwa daga rijiya, na'urar sanyaya ɗaki, yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar a daƙiƙar da zai tashi. Inbatar da aka auna daidai wa daida da jimlar kaya za ta riƙa kashe kanta duk lokacin da firiza ta tashi. Kuma ba kowace mai 5kVA ke ba da wat 5,000 ba, wasu 4,000 ne. A karanta takardar da ke manne a gefenta.

Kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, iri biyu ce, PWM da MPPT. Manyan farantan yanzu suna aiki ne a wajen 41V. In aka haɗa su da PWM a kan batir mai 24V, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu ya tafi a banza. MPPT ake sa musu. Ita ma tana da iyakar da aka rubuta mata. Faranti mai wat 550 yana kai kusan 50V in ba a ɗora masa kaya ba, kuma da sanyin safiyar hunturu yana haura haka. Jera uku a kan kwantirola mai iyakar 150V ganganci ne, wata safiya a watan Janairu za a ji ƙauri.

A kan rufi

A yankinmu faranti kudu yake fuskanta, a karkace digiri 10 zuwa 15. Kwantar da shi shamɓal yana tara ƙura da kashin tsuntsaye, ruwan sama kuma ba ya wanke shi. Manna shi a jikin kwano ma kuskure ne. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, domin faranti haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. In jikinsa ya kai digiri 65, mai wat 550 da kyar zai ba da 470.

Inuwa kuwa ba a raina ta. Reshen darbejiya, tankin ruwa ko hasumiyar masallaci da ya rufe gefen faranti ɗaya yana jan duk 'yan jerinsa ƙasa. A je wurin da ƙarfe tara na safe, a koma da azahar, a sake komawa da la'asar kafin a kafa ƙarfe. A tuna kuma rana tana karkata kudu sosai a watan Disamba, inuwa na ƙara tsawo.

Lokacin hunturu a wanke faranti duk sati, da sassafe ko da yamma in ya huce, da ruwa da tsumma mai laushi. Ba a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi, ba a goge ƙura a bushe, ba a taka shi. Wannan ya sa tun farko ya kamata a yi tunanin yadda mai wankin zai hau. Farantin da sai an yi aron tsani daga wata unguwa, ba za a wanke shi ba. Inda ake fargabar ɓarayi, a ɗaure da noti irin wanda sifana ba ta kwance shi, ko a yi wa ƙarfen walda.

Waya da kariya

Nan 'yan kwangila suka fi cin riba a ɓoye. Inbata mai wat 5,000 a kan 48V tana jan amfiya fiye da 100 daga batir. Wannan sai waya mai kaurin 35mm², gajera, ta jan ƙarfe zalla, da kawuna da aka matse da kyau. Daga faranti zuwa ƙasa, wayar sola ta musamman mai 4mm² ko 6mm² ake sawa, wadda rana ba ta cin bayanta. Wayar gida ta yau da kullum tsagewa take yi a kan kwano. Gwaji mai sauƙi: a taɓa wayar batir lokacin da aka kunna kaya duka. In ta yi zafi, ko ta yi siriri ko wani noti ya saki.

Dole a sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata, da kuma tsakanin faranti da kwantirola, kuma su kasance na DC, wato irin wutar batir da faranti. Birekar wutar nefa ba ta iya kashe tartsatsin wutar batir, tana iya narkewa ta kama da wuta. A kafa sandar atin, wato ƙarfen da ke zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa, a wuri mai danshi, a haɗa ƙarfen faranti da jikin inbata da ita, a sa na'urar kare tsawa a ɓangaren faranti da na wutar gida. Inbata da yawa a damina ɗaya suke tafiya saboda rashin wannan.

Allurar rigakafi da rijiyar burtsatse

Asibitin da zai ajiye allurar rigakafi kada ya dogara da firjin gida a kan inbata. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, firjin gida kuwa yakan daskarar da na kusa da bango, ya kuma ɗumame in batir ya ƙare da asuba. Akwai firji na musamman da ke haɗuwa kai tsaye da farantinsa ba tare da batir ba, yana tara ƙanƙara a jikinsa ta riƙe sanyi kwanaki. A zaɓa daga cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, kuma kada a ja wutar komai daga farantinsa.

Rijiya ma ba ta buƙatar batir. Sumo na sola yana aiki da rana, a tara ruwan kwana biyu a tanki. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen sumo kafin a gwada ƙarfin rijiyar. In tana kawo lita 1,500 a awa aka sa mai jan 3,000, zai riƙa zuƙar iska har ya ƙone. A sa masa na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya janye, da wadda ke kashe shi in tanki ya cika.

Bayan an yanke kirtani an watse

Mai ba da tallafi kuɗin kafawa yake bayarwa. Faranti na iya shekara 25, amma batir mai ruwa a zafinmu shekara biyu zuwa huɗu ne, kuma ranar da ya mutu ba lallai a samu wani mai taimakon ba. Tun watan farko a raba kuɗin sabbin batira gida 36, a riƙa ajiye kaso ɗaya duk wata a asusu na daban, daga kuɗin man da aka daina saye, ko daga ɗan abin da ake karɓa na ruwa da cajin waya. Tun da farashi hawa yake, a sake lissafin duk shekara. In ana rubuta takardar neman tallafi, a sa kuɗin gyara da na horo a ciki ƙarara.

Sai ƙarin kaya a hankali. Yau mai gadi ya kawo hita, gobe an jona dutsen guga mai wat 1,000, jibi maƙwabci ya roƙi a ja masa ƙwai ɗaya, kuma kunya ta hana a ce a'a. Magani shi ne a ware layin sola daga sauran wayoyin gini, a yi wa soket ɗinsa alama, a liƙa jerin abin da aka yarda a jona. Aiki mai cin wuta, kamar guga da jan ruwa, a yi shi tsakanin ƙarfe goma zuwa uku.

A naɗa mutum biyu da suna, ba kwamiti ba, a koya musu karanta fuskar inbata, su riƙe littafin da ake rubuta ƙarfin batir safe da yamma, ranar wanki da ranar zuba ruwa. Biyu, saboda in ɗaya ya bar aiki kada ilimin ya bi shi.

Wajen ɗan kwangila kuwa, a nemi farashi daga mutum uku a kan takardar lissafi guda, kowa ya rubuta sunan kamfani da lambar kowane kaya. A Nijeriya a tambayi mai haɗa wutar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wutar lantarki. Rasit da takardun garanti su fito da sunan ƙungiya, ba na shugabanta ko na ɗan kwangila ba, a ɗauki hoton lambar kowane faranti da batir a ajiye. Kada a biya kuɗi duka ranar da aka kunna wuta. A riƙe kashi 10 cikin 100 har kayan su yi wata uku suna aiki, in da hali ma har su ga hadarin Agusta.