Tiren cuku a lokacin sanyi: inda ake yawan kuskure

A Faransa da Ingila, idan hunturu ya shigo, baƙi sukan taru a kan katako guda da aka jera wa cuku iri-iri. Abin kamar wasa, amma karon farko da na haɗa nawa, rabinsa firji ya koma.

Babban laifina shi ne firjin. Na ciro cukun ana sallama a ƙofa, na ajiye shi da sanyinsa. Cuku mai sanyi ba ya ƙamshi, a baki kuma kamar kana tauna kyandir. A fito da shi awa guda kafin a ci, a rufe da ƙyalle mai tsabta, nesa da hita. Brie, wani cuku mai laushi na Faransa, in sanyinsa ya fita za ka ga cikinsa ya yi laushi yana ɗan turowa ta gefe, to a lokacin ya isa ci.

Sai zari. Mutum ya shiga kanti ya kwaso kala takwas, harshe ya rikice. Uku zuwa biyar sun wadatar, in dai kowanne da halinsa: mai tauri kamar Comté na tsaunukan Jura, mai laushi kamar Camembert na Normandi, da mai shuɗin funfuna kamar Stilton, wanda Ingilawa ba sa Kirsimeti sai da shi. Funfunar nan da gangan ake sa ta, kada wani ya kankare. Idan ka samu Mont d'Or, wani cuku mai laushi sosai na Faransa, kada ka wuce shi, don na sanyi ne kawai, daga 10 ga Satumba zuwa 10 ga Mayu ake sayar da shi. Kuskuren da ake yi masa shi ne ciro shi daga ɗan akwatinsa na katako, sai ya malale a tire. A bar shi a ciki, a ɗan gasa a oben, a ɗiba da cokali.

Wuƙa ɗaya ba ta yi wa kowa aiki. Wadda ta taɓa Stilton, in ta shiga Brie ta ɓata shi. Kuma a fara ci daga mai sauƙin ɗanɗano, mai ƙarfi ya zo ƙarshe. Wajen yanka ma akwai ladabi: Faransawa na ganin rashin ta ido ne ka datse tsinin Brie, wurin da ya fi daɗi, ka bar wa na baya ɓawo. A yanka a tsaye, daga tsini zuwa baya.

Ga mu Musulmi, a lura da tiren da aka haɗa a kanti, yawanci da yankakken naman alade a gefe. Haɗa naka ya fi kwanciyar hankali. A karanta takardar jikin cukun kuma, domin wasu, kamar Parmigiano Reggiano, da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsu, ba da tumfafiya ba irin ta masu yin wara, cukun nonon shanu, a gida.

Na taɓa sa kilishi a madadin naman, yajin ya danne komai. Dabino da zuma da gasasshiyar gyaɗa sun fi dacewa, da tuffa da burodi marar zaƙi. Tuffar kuma sai baƙi sun zauna a yanka ta, in ba haka ba ta yi baƙi kafin a zuba shayi.